Wankan Jego a Bakin Kogin Ƙanƙara

Na koyar da kogin nan shekara da shekaru kafin ya shigo mini gida. A lokacin ina malamin labarin ƙasa a wata sakandaren gwamnati a ƙasar Katsina, kuma a manhajar manyan azuzuwa akwai babi guda a kan dajin arewacin duniya, wanda ya naɗa wa ƙasa rawani tun daga Kanada har Rasha. Babin yakan faɗo mana ne a tsakiyar bazara. In tsaya gaban allo, gumi ya jiƙa mini riga har gadon baya, ina yi wa yara bayanin ƙasar da ruwa ke daskarewa ya yi tauri har mota ta bi ta kansa. Su kuwa suna fifita da bangon littafi suna rubutawa, don ba a musu da abin da zai fito a jarrabawa.

Abu ɗaya suka taɓa yi mini gardama a kansa. Na zana kogin yana tasowa daga ƙasan allo zuwa sama, domin kogunan can da yawa arewa suke nufa. Aka ce mini daga bayan aji, "Malam, ruwa ai ba ya hawa." Na ɓata rabin darasi ina rantsuwa cewa arewa ba sama ba ce, mai taswira ne kawai ya ga dama ya rataye ta haka. Ban tabbata na ci nasara ba.

Abin da nake ba su har yau ina iya karanto shi ido rufe. Kogin yana farawa a kudu, a kan tudun wani tsohon dutse da ƙanƙarar zamanin can baya ta kankare ta bar shi duk ramuka. Ramukan suka cika suka zama tafkuna ba iyaka, wannan ya zuba wa wancan, ƙorama ta kai wa rafi, rafi ya kai wa babbansa, har duk ruwan da ya sauka a wannan yanki ya taru a hanya ɗaya. Itatuwan kusan iri guda ne, tsaye ƙyam kamar masu, ganyensu siriri kamar allura. Can gaba tudu ya ƙare, ƙasa ta shimfiɗe kamar tabarma, sai fadama mai lumewa, ruwan ya yi ja kamar shayin da ba madara saboda ruɓaɓɓen gansakuka da ya jiƙa a ciki. Daga nan ya faɗa wani teku mai sanyi.

Sai wurin da nake ɗaga murya. Tunda kan kogin yana kudu, can ɗumi ke fara isa. Ruwan narkewa ya taho da ƙarfinsa ya tarar da arewa har yanzu a kulle. Sai ya shiga ƙarƙashin ƙanƙarar ya ɗaga ta, ta tsage, ta farfashe, manyan falle-falle kamar rufin ɗaki su hau kan juna su toshe hanya, kogi ya rasa mafita ya bi gari. Ina faɗin wannan da hannu da ƙafa, kai ka ce a gabana aka yi. Ƙanƙarar da na sani a duniya a lokacin ita ce ta cikin kular mai sayar da zoɓo.

Muka zo Amurka ni da maiɗakina muna sababbin aure, muka fara zama a wani ɗan gida na bene a Takoma Park. Na yi tuƙi, na yi karatun yamma, daga baya Allah ya mayar da ni gaban allo, ina koya wa yara 'yan ƙaramar sakandare kimiyya. A gidan nan aka haifi 'yarmu, ita ce ta fari, ita ce kuma ta ƙarshe. Surukata ba ta samu zuwa ba. Maiɗakina ita ta yi wa kanta wankan jego. Ta dafa ruwa a tukwanen girki, ni ina jigila zuwa banɗaki, tururi ya cika gidan har na'urar hayaƙi ta dinga ihu maƙwabta suna buga bango. Ba ganye, ba mai gasa mata baya, ba mai dama kunu. Ban ji ta yi kuka da baki ba ko sau ɗaya. Amma tun daga nan duk 'yar Hausawan da ta haihu a yankin nan ba uwa kusa, ko a Maryland ko a dogayen benayen Alexandria, sai ka ga maiɗakina Hajiya ta ɗauki jakarta ta hau jirgin ƙasa. Ta yi wa 'yan Kano, ta yi wa 'yan Maraɗi, ta yi wa wata 'yar Kumasi da ta ce ba ta yarda da wannan azaba ba, ta ƙare tana roƙon a ƙara ruwa.

Ita da 'yarta kuwa sai kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta a gaban mutane, in za ta yi maganarta sai ta ce "yarinyar nan" ko "'yarka". A gida da kaka ko gwaggo ce za ta ɗauki yarinyar ta shagwaɓa ta. A nan ba kaka ba gwaggo, sai ni, ni kuwa boko ya riga ya cinye mini wannan kunyar. Na riƙe hannunta muka bi rafin da ya ratsa unguwarmu, ina gaya mata inda zai kai: wannan ya shiga kogin Anacostia, Anacostia ya shiga Potomac, Potomac ya tafi teku. Na kife kwano a tsakar gida na tsiyaya masa ruwan buta a ka, ta ga yadda ya rabu, wani nan wani can. Da muka koma Beltsville muka yi wata Asabar muna neman marabar ruwan da ta raba namu kogin da na Patuxent. Muka same ta, in lissafina daidai ne, a wurin ajiye motoci na wani kanti. Yarinya ta tsaya a kan kwalta ta buɗe ƙafafu ta ce yanzu tana cikin koguna biyu. Sauran yara ana ba su tatsuniyar gizo. Tawa kogin arewa ta sha, da ɗagawar ƙanƙara da komai, da hannu da ƙafa.

To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta girma ta karanci ilimin ruwa, da ta zo yin babban digiri sai ta zaɓi wani kogi a arewacin Kanada, irin nawa sak, mai kai a kudu da baki a arewa. Aikinta shi ne ta gane yaushe ƙanƙara ke toshewa da inda take toshewa, don mutanen wani ƙaramin gari da ke bakin kogin su san lokacin kwashe kaya. Can ta auri wani yaron kirki ɗan Damagaram da ke aiki a asibitin garin. Ranar da ta tafi, Hajiya ba ta ce mata komai ba sai "Allah ya kiyaye". Ni ta juyo ta kalla, kallo ɗaya, ta shige kicin.

Da labarin ciki ya zo, gidanmu ya canza. A al'ada haihuwar fari a gidan iyaye ake yinta, yarinya ta zo goyon ciki, ta haihu, ta yi wanka har arba'in, sannan a mayar da ita ɗakinta. Hajiya ta sa na kwashe littattafaina daga ɗakin ƙasa, aka yi fenti, aka sa gado. Ta sayo wata tukunya da sai mutum biyu ke ɗauka. Ƙawarta, wata Hajiya 'yar Maraɗi mai fataucin atamfa da turare a Alexandria, ta dawo daga gida da busasshen ganyen darbejiya ɗauri-ɗauri, da kanwa ungurnu, da yajin jego. Matan da ta yi wa wanka, waɗanda 'ya'yansu wasu har sun shiga jami'a, suka fara rabon aiki tun ciki bai tsufa ba: wannan ita ce mai ƙauri, wannan mai kunu, wannan ta ce ita ba ta iya komai ba amma za ta zo ta zauna ta yi surutu.

Ina jin su daga bene ranar da suka zo ganin ɗakin.

"Yau dai wanzami zai sha jarfa," in ji Hajiyar Maraɗi. "Ke da kika ƙone mana baya, bari mu ga ko hannunki zai yi sanyi a kan taki."

"Wa ya ce ni zan yi? Ku za ku yi. Ni ina ruwana da yarinyar nan."

"Ji ta! Ina ruwanta, amma ta sa tsoho ya yi fenti har sau biyu."

Suka kwashe da dariya. Ban taɓa jin muryar maiɗakina da sauƙi irin na watannin nan ba.

Matsalar ita ce kogi bai san da goyon ciki ba. Watan haihuwa ya faɗo daidai lokacin fashewar ƙanƙara, kuma wannan ce shekarar ƙarshe ta binciken. Na'urorin da ta dasa tun farkon sanyi suna can suna jiran wannan 'yan kwanakin. Yarinya ba ta ce ba za ta zo ba, ba ta kuma ce ga ranar zuwa ba. Uwar kuma ba za ta buɗe baki ta roƙi 'yar fari ba ko da sama za ta faɗo. Suka yi ta gaisawa a waya, lafiya lau, ya jiki, ya sanyi, ana zagaya maganar kamar yadda ake zagaya rijiya da dare.

Wata Lahadi bayan azahar Hajiya ta ajiye mini shayi, ba ta tafi ba.

"Malam, kai ka sa mata kogin nan a ka."

Na ce ilimi ai ba laifi ba ne.

"Ban ce laifi ba ne. Na ce kai ka sa. Ka kira ta ka ce ta taho. Kai take ji."

Na hau sama na kira. Ta ɗauka da bidiyo, tana zaune kusa da taga, fuska ta cika. Hausarta irin ta yaran nan ce, tana tafiya tana ɗingishi, in ta gaji ta hau Turanci. Amma ranar da Hausa ta yi maganar duka, na kuma san don ta girmama maganar ne.

"Baba, na san dalilin kiran. Umma ce."

Na ce ni ma ai ina da baki.

"To. In ka ce in taho, zan taho. Wallahi ba zan yi musu ba, maigidan ma ya ce duk abin da kuka ce. Asibitin nan yana da kyau, ba wannan ba ne. Aikin ne. In na tafi wasu za su ɗauko mini abin da na'ura ta rubuta, amma ba wanda zai tsaya ya ga inda ta fara toshewa. Sai dai in jira wata shekara, in an bar ni. Amma ka faɗa kawai, Baba."

Kalma biyu ce, "ki taho". Na sha faɗa wa ɗaruruwan yara abin da ya fi wannan wuya ba tare da na sha ruwa ba. Na buɗe baki, sai idona ya sauka a kan tagar da ke bayanta. Wani farin fili ne shimfiɗe, faɗinsa ya fi ƙarfin wayar, can ƙetare kuma baƙin layin itatuwa masu tsini.

Na ce, "Wancan shi ne?"

"Shi ne."

"Juya wayar in gani."

Ta sa riga ta fita baranda ta juya. Na tambaye ta kaurin ƙanƙarar. Na tambaya ko rafukan kudu sun fara buɗewa. Ta nuna mini wata gwiwa da kogin ya yi a ƙasan gari, inda tsibiri ya raba shi biyu, ta ce nan take zargi. Na ce lallai nan ne, in ruwa ya rage gudu dole kaya su taru. Muka yi ta yi, malami da ɗaliba, har hannunta ya ƙage don sanyi. Na ce ta koma ciki, Allah ya raba lafiya. Ta tsaya tana jiran sauran maganar. Na ce ta gai da mijinta.

Ban ce taho ba, ban ce zauna ba. Amma ita da ni duk mun san yadda ake karanta irin wannan shirun.

Kafin in gama sauka daga bene na riga na shirya darasi. Na gaya wa Hajiya cewa tafiya da tsohon ciki ba wasa ba ce, sai an hau ƙaramin jirgi kafin babba. Na ce likitocin da suka san cikin tun farko sun fi dacewa su karɓi haihuwar. Duk gaskiya ne, kuma ko ɗaya ban tuna da shi ba sa'ad da wayar ke hannuna. Tana yankan albasa, ba ta ɗago ba.

"Me ta ce?"

"Ta ce tana gaishe ki."

"Kai me ka ce?"

Sai na fito da abin da na ɗauka dabara ce. Na ce, me zai hana mu mu je can? A yi wankan a ɗakinta, ba abin da ya ragu.

Ta ajiye wuƙar. "Mu?"

Na ce, to, ai ba za ta yi wannan doguwar tafiya ita kaɗai ba.

"Kai kana da makaranta."

Na ce ana ba da hutu in an nema.

"Lokacin jarrabawa? 'Ya'yan mutane fa amana ne, Malam. Kai ka sha faɗa."

Na sha faɗa kuwa. Haka aka yanke: ita za ta tafi, ni in zauna. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi fushin da za a ce a ba ta haƙuri ba. Ta kira ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya ta ce an fasa, ina jin ta tana cewa, "A'a, lafiya lau, aikinta ne ya riƙe ta." Mai ƙauri da mai kunu da mai surutu duk aka sallame su. Ta rufe ƙofar ɗakin ƙasa.

Wajen haɗa kaya na ƙara wata katoɓarar. Akwatin ya cika, ga kanwa, ga yaji, ga garin kunu, ga rigunan sanyi da ba ta saba da su ba, ganyen darbejiya ya ƙi shiga. Na kuma ji tsoron kada a tsayar da ita a filin jirgi a kan ganye. Na ce, "Hajiya, daji fa za ki. Dajin da ya fi kowane daji a duniya. Wa ke kai ganye daji?" Ta dube ni, ta ga malamin labarin ƙasa ne ke magana, ta fitar da ɗaurin ta ajiye.

Aka haihu lafiya, namiji. Washegarin da suka koma gida wayata ta yi ƙara ina tsakiyar cin abincin rana a makaranta.

"Malam, ina ganyen?"

Na ce wane ganye.

"Na dajin da ya fi kowane daji. Na fita na duba. Rabin itatuwan tsirara suke kamar an yi gobara, rabin kuma allura ce. Da allura zan yi wa mai jego wanka?"

Ganye siriri kamar allura. Da hannuna na rubuta wannan a allo ban san sau nawa ba, har ina ja masa layi. Masu faffaɗan ganyen kuwa, 'yan kaɗan da ke bakin ruwa, ba sa tohowa sai ƙanƙara ta tafi, wannan ma yana cikin babin. Na yi ta inda-inda. Ta ce in bar shi, ta riga ta bi itatuwan tana shafawa da hannu har ta sami wani mai laushin allura, mai ƙamshi kamar turaren wuta, surukinta ya tambaya aka ce ba ya cutarwa. Da shi take yi. A tukunyar miya take dafa ruwan, sau da yawa, tana jigila ita kaɗai in mijin ya tafi aiki.

Na koma aji na ba yara aikin karatu, na zauna. Ashe abin da na yi shi ne na mayar da matar nan gidan benen Takoma Park, da ƙananan tukwane da rashin ganye da rashin mataimaki, sai dai wannan karon gwiwoyinta sun tsufa.

Ranar suna can aka raɗa wa yaro suna, su uku da wani likita Musulmi da matarsa. A nan ni na yi walima. Maza suka cika falo aka yi addu'a aka ci shinkafar da na yi oda. Mata suka zo barka suka tarar ba mai jego, ba jariri, ba uwar gida. Na jingina waya da kwalbar lemo a kan tebur suka yi layi suna leƙawa suna guɗa a hankali, don hoton yana yankewa. Hajiyar Maraɗi ta same ni a bakin ƙofa.

"Malam, an yi maka ƙwace ke nan. Ta sami sabon ango ta bar tsoho da wanke-wanke."

Na ce ai angon ba shi da ko haƙori.

"Kai ma saura nawa?" Ta gyara mayafi. Sai ta rage murya. "Shekara nawa tana wanke namu. Mun so mu rama ko sau ɗaya."

Ta juya ta koma cikin mata.

Kullum muna waya da Hajiya. Ina tambayar yaro, ina tambayar mai jego, ina tambayar gwiwa. Kogin ne ban tambaya ba, ko da yake yana nan a bakin harshena kamar ƙaya. 'Yata ma ba ta ɗauko zancen ba, ni kuma na ɗauka haihuwa ta zo ta rufe komai, ƙanƙara ta fashe tana kwance, an yi biyu babu. Mai jego ai ba ta fita, balle a hannun Hajiya, wadda ta taɓa mayar da wata daga bakin lif ɗin bene a Alexandria don ta ce za ta sayo madara.

Bayan arba'in na je filin jirgi na Virginia na ɗauko ta. Ta rame, wuyanta duk tabon cizon wasu ƙananan ƙudaje da ta ce sun fi sauro rashin imani. Muka hau babban titin da ya zagaye birni, cunkoson yamma ya riƙe mu. Ta ba ni labarin yaro, mai ci ne, ya ɗauko goshin ubansa. Muna kan gadar Potomac, ruwa kore yana tafiya a hankali a ƙasa, na kasa daurewa.

"Kin dai ga kogin?"

Ta juya ta dubi ruwan da ke ƙasa.

"Ana gobe suna ne," ta ce. "Da safe, ina cikin yi mata wanka. Sai muka ji kamar ana sauke tirelar duwatsu, ba a dainawa. Ƙasa tana rawa, ruwan bokiti yana rawa. Na ce innalillahi. Ita kuwa ta ce, Umma, shi ne. Na gama, na shafa mata mai, ta sha kunu. Ta je ta tsaya a bakin taga da zani ɗaya. Daga tagar ba a ganin gwiwar kogin nan tata, gidaje sun tare."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai na ce ta sa kaya."

Na juyo na dube ta, ta ce in dubi hanya.

"Na naɗe ta da bargo biyu, na ɗaure mata kai. Uban ya riƙe yaro. Na kama hannunta muka tafi a hankali har kan tudun da mutanen gari suka taru. Mai jegon da ko suna ba a yi ba, Malam. Ni. In ka gaya wa matan nan sai na ce ƙarya kake."

Na ce ba zan faɗa ba. Na ce, yaya yake?

"Yadda kake faɗa. Har ya fi. Wani falle ya kai girman falonmu, ya miƙe tsaye ya faɗo kan ɗan'uwansa. Itace guda da saiwarsa yana tafiya a kai kamar an ɗora masa kaya. A wurin tsibirin ya tsaya, inda ta ce. Ruwa ya fara hawowa muna kallo. Tana ta magana a waya da mutanenta, tana nuni da hannu, tana ba manyan maza umarni. Ban taɓa ganin yarinyar nan haka ba." Ta shafa wuyanta. "Kafin la'asar ya ɓalle ya wuce. Na mayar da ita gida na ƙara mata wani wankan, don sanyin da ta sha."

Na ji daɗi har na fara gyara zama. Na ce, to alhamdulillahi, ashe dai zaman nata ya yi amfani, ashe abin da aka yi shi ne daidai.

"Shi ne daidai," ta ce. "Da ka ce ta taho da ta taho. Da na yi wankana a ɗakina da mutanena, ita kuma tana kallon bango tana tunanin ƙanƙara, ta riƙe abin a ranta har mu mutu. Na gane wannan a kan tudun nan." Ta gyara jakarta a cinya. "Amma kai ba don wannan ka yi shiru ba."

Motoci suka fara motsi. Na riƙe sitiyari da hannu biyu ina duban gaba, ina neman abin da malami zai ce. Muka yi tafiya mai nisa a haka, ita tana kallon waje.

"Malam," ta ce, "ka wuce hanyar gida."